Tun Ran Gini Tun Ran Zane: Iska, Girgizar Ƙasa da Benayen Jalingo

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Jalingo ya san yadda hadarin farko yake zuwa. Da la'asar gari zai yi tsit, zafi ya tsananta, sa'an nan gabas ta yi baƙi ƙirin daga wajen duwatsun Mumuye. Kafin ɗigon ruwa ya sauka iska ce ke yin gaba, ta ɗebo ƙura, ta bi unguwa unguwa tana gwada aikin kafinta da na birkila. Da gari ya waye sai a ga kwanon rufi rataye a bisa wayar lantarki, magidanta na tsince-tsincen katako, mata na shanya katifu. A farkon watan Mayu na 2018 irin wannan iska ta kayar da dogon turken sadarwa a cikin garin, aka rasa rayuka. A watan Yuni na wannan shekara kuma, ana cikin hidimar ƙaramar Salla, wata ta auka wa Bauchi, ta ɓarnata dubban gidaje, ta halaka mutane.

Jalingo ta yau ta wuce sansanin yaƙin da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa a 1893. Tun daga ranar 27 ga Agusta 1991, da aka cire Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola aka mai da garin hedkwata, gini yake ta hawa sama. Ga ofisoshin gwamnati, ga bankuna da otal-otal, ga jami'ar jiha da aka kafa a 2008, ga benayen 'yan kasuwa masu kantuna a ƙasa da ɗakunan haya a bisa. To, duk sa'ad da gini ya ƙara tsawo, ya ƙara miƙa ƙirjinsa ga iska ke nan, ya kuma ƙara yawan rayukan da ke ƙarƙashinsa. Saboda haka ya kamata mai karatu, ko shi mai gini ne ko ɗan haya, ya san abin da ke riƙe da bene sa'ad da aka tura shi ta gefe.

NAUYIN DA BA A GANI

Galibin masu gini nauyi ɗaya suka sani, watau wanda ke dannawa ƙasa: nauyin bulo da kankare da mutane da kayansu. Wannan ba ya ɓoyuwa, kuma kowane birkila yana da dabararsa. Amma akwai na biyu, wanda ke turowa ta gefe, shi ne na iska da na girgizar ƙasa. Teburin da ƙafafunsa suka yi sako-sako yana iya ɗaukar buhun masara zaune lafiya, amma yaro ƙarami in ya tura shi ta gefe sai ya durƙushe. Haka gine-gine da yawa suke.

Ƙarfin iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta. Idan gudun ya ninka biyu, turin da take yi ninkawa huɗu yake yi. Iskar da ke gudun kilomita 108 a sa'a guda tana danna kowane murabba'in mita na bango da abin da ya kai nauyin kilo 55, watau fiye da buhun siminti. Idan gudun ya kai kilomita 144, turin ya kusa kilo 100. Bene mai faɗin mita 20 da tsawon mita 15 yana da fuska ta murabba'in mita 300, don haka a irin wannan iska ta biyu abin da ke ture shi ya kusa tan 30. Ga rufi kuwa al'amarin ya fi muni, domin iskar da ke wucewa ta bisansa tsotsarsa take yi zuwa sama. In kuma taga ta fashe ta wajen da iskar ke fitowa, sai iska ta cika ɗaki ta tura rufin daga ciki, ta waje na ja, ta ciki na turawa. Wannan shi ya sa ake ganin rufi ya tashi ɗungurungum da katakonsa.

KO ƘASA NA GIRGIZA A NAN?

An daɗe ana cewa Nijeriya ba ƙasar girgizar ƙasa ba ce. Akwai gaskiya a ciki, domin ƙasar tana nesa da bakin manyan faya-fayen dutse da ke gogayya da juna, irin waɗanda suka addabi Japan da Turkiyya. Amma nisa da haɗari daban, rashinsa daban. A cikin lissafin motsin ƙasa da masana suka tattara akwai wanda aka ji a Jalingo da Gembu a watan Oktoba na 1982, a daidai watan da Dutsen Kamaru ya yi aman wuta. Akwai na Yola a 1984, da na Ijebu-Ode a wannan shekara, da na Gembu a 1987. A baya-bayan nan mutanen Kwoi ta Jihar Kaduna sun ji nasu a Satumban 2016, na Mpape a Abuja kuma a Satumban 2018. Duk waɗannan ƙanana ne, abin da suka yi bai wuce tsaga bango da tsorata jama'a ba.

Taraba tana da dalilin kula fiye da sauran jihohi. Kwarin Binuwai, wanda Jalingo ke zaune a gefensa, tsohuwar tsaga ce da ta buɗe fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, sa'ad da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu. Ta gabas kuma akwai jerin duwatsu masu aman wuta da ya taso daga teku ya bi kan iyakar Kamaru. A cikin wannan jeri ne tafkin Nyos yake, wanda ya fitar da iska mai kisa a ranar 21 ga Agusta 1986 ta halaka mutum fiye da 1,700, kuma tsoron ɓallewar bakinsa na daga cikin dalilan gina madatsar ruwa ta Kashimbila. Daɗin daɗawa, Afirka ta Yamma ta taɓa ganin girgiza mai kisa: ta Ankara, babban birnin Gana, a 1939, wadda aka ji har Ikko, da ta arewacin Gini a Disamban 1983, wadda ta kashe ɗaruruwa. Cibiyar da ke sauraren motsin ƙasa a Toro ta Jihar Bauchi ba don ado aka kafa ta ba.

Yadda girgiza ke kayar da gini ya bambanta da na iska. Ƙasa ce ke fizge tushen gini zuwa gefe, saman ginin kuwa yana so ya zauna inda yake, kamar fasinjan da ke tsaye a bayan akori-kura direba ya fizgi mota. Ƙarfin fizgar yana bin nauyin ginin. Bene mai nauyin tan 1,000, in ƙasa ta fizge shi da kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin da ke jan abu ƙasa, to tan 100 ne ke ture shi ta gefe, kuma turin yana kai da komowa sau da yawa cikin daƙiƙoƙi kaɗan. A nan ne injiniya ke shiga tsaka mai wuya. Iska ta fi cin gini marar nauyi, girgiza ta fi cin mai nauyi. Abin da ake nema shi ne ƙashin gini mai ƙarfi, marar nauyin banza, wanda zai tsaya ƙyam gaban iska, in kuma girgiza ta fi ƙarfinsa ya lanƙwasa maimakon ya karye.

HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Kankare gwani ne wajen jure danniya, amma in aka ja shi ƙarfinsa bai fi kashi ɗaya cikin goma ba, kuma in zai karye ba ya sallama. Ƙarfe yana jure ja, yana miƙewa da yawa kafin ya tsinke, amma in siriri ne aka danna shi sai ya gantsare, yana tsatsa, kuma in zafin gobara ya kai wajen digiri 600 rabin ƙarfinsa ya tafi. Abin da ɗaya ya rasa ɗayan yana da shi. An kuma yi sa'a zafi yana buɗa su kusan daidai da juna, don haka ba sa rabuwa saboda sauyin rani da hunturu. Kankare mai rodi, wanda kowa ya sani, haɗin farko ke nan. Abin da injiniyoyi ke kira haɗaɗɗen gini ya ɗara wannan: ana tsayar da ƙashin ginin da manyan ƙarafa, sa'an nan a ɗaure su da kankare yadda za su yi aiki tamkar jiki ɗaya.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga maginan ƙasar Hausa. Laka ba ta jure ja, azara kuwa tana jurewa, kuma gara ba ta cin ta da sauƙi. Da suka binne azara cikin laka, suna jera ta suna ɗaurewa, sai suka sami bakan gizo da ɗaurin guga, har Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 da bakunan da masana gini na duniya suke zuwa kallo. Ƙarfe ya maye gurbin azara, kankare ya maye gurbin laka, amma hikimar tana nan yadda take.

Haɗin yana zuwa ta hanyoyi uku. Na farko a gadon bene: ana shimfiɗa kankare a bisa ƙarfen da aka gitta, bayan an yi wa ƙarfen waldar wasu gajerun ƙusoshi masu kai, galibi masu kaurin milimita 19, waɗanda za su nutse cikin kankaren su hana shi zamewa. Amfanin wannan kowa na iya gwada shi. A ɗora katako biyu, ɗaya bisa ɗaya, a gitta su a kan rami a taka, za a ga sun lotsa suna zame wa juna. In aka haɗe su da ƙusa sosai suka zama ɗaya, ƙarfinsu ya ninka biyu, lotsawarsu kuma ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Na biyu a ginshiƙi: ana tsayar da ƙarfe a lulluɓe shi da kankare mai rodi, kankaren ya tsare shi daga wuta da tsatsa da gantsarewa. Na uku shi ne bututun ƙarfe da ake cika wa kankare. Bututun yana matse kankaren ya hana shi tarwatsewa, kankaren yana hana bututun loɓawa ciki, kuma ba a bukatar katakon zuba kankare. Irin waɗannan ginshiƙai ne ke ɗauke da benen Taipei 101 na Taiwan, mai tsawon mita 508, wanda aka gama a 2004 a ƙasar da guguwar teku da girgizar ƙasa duka suke ziyarta.

INDA TURIN GEFE ZAI BI

Kyawun kayan aiki bai isa ba sai an tsara hanyar da turin zai bi daga rufi har tushe ba tare da yankewa ba. Hanyoyin uku ne, kuma sau da yawa ana gama biyu a gini ɗaya. Akwai ƙarfafa mahaɗar ginshiƙi da ƙarfen da ya gitta, yadda kusurwar ba za ta buɗe ko ta rufe ba. Wannan yana barin fili ga ƙofofi da tagogi, amma ginin ya fi yin layi. Akwai gicciya ƙarafa daga kusurwa zuwa kusurwa, kamar yadda kafinta ke yi wa ƙyauren katako. Wannan ya fi araha ya fi tsayuwa. Akwai kuma bangon kankare mai rodi da ake tayarwa tun daga tushe har ƙololuwa, galibi kewaye da matakala. Gadon kowane hawa kuwa shi ne faifan da ke tattara turin ya raba wa waɗannan. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada iska ta kautar da kan gini fiye da kashi ɗaya cikin 500 na tsawonsa, watau santimita 6 ga bene mai mita 30. In ya wuce haka gilasai na fashewa, bango na tsagewa, mazauna kuma hankalinsu ba ya kwanciya.

Ga girgizar ƙasa akwai ƙarin sharaɗi. Ba a iya gina kowane gida yadda babbar girgiza ba za ta taɓa shi ba, kuɗin ya fi ƙarfin kowa. Abin da ake yi shi ne a zaɓi inda ginin zai ji rauni. Ana sa ginshiƙi ya fi abin da ya gitta a kansa ƙarfi, domin in na gicciye ya lanƙwasa hawa ɗaya ne ya lalace, mutane su fita da ƙafafunsu, in kuwa ginshiƙi ya karye duk abin da ke bisansa ya sauko. Mahaɗa ita ce makasa. A girgizar Northridge ta Amurka a 1994, da ta Kobe ta Japan a 1995, an tarar da walda ta tsage a mahaɗun gine-ginen ƙarfe da ake zaton ba abin da zai same su, har ya sa aka sake dokokin walda da na duba ta. Idan haka ta faru a inda ake da masu duba aiki da na'ura, to mai gini a Jalingo ya san waldar da zai ɗora wa bene ba irin ta ƙofar gida ba ce.

Bambancin da bin ƙa'ida ke kawowa ya fito fili a 2010. A watan Janairu girgiza mai maki 7.0 ta auka wa Haiti, mutum fiye da 100,000 suka halaka, akasarinsu ƙarƙashin kankare marar isasshen rodi. A watan Fabrairu mai maki 8.8, wadda ta ninka ta Haiti ƙarfi sau ɗaruruwa, ta auka wa Chile, inda ake tilasta dokar gini. Waɗanda suka mutu 500 ne da 'yan kai.

KURAKURAI BIYU NA GIDA

Na farko shi ne benen da aka cika hawansa na ƙasa da kantuna masu faffaɗar ƙofa, ba bango sai siraran ginshiƙai, alhali saman cike yake da ɗakunan bulo. Irin wannan ƙato ne mai ƙafafun kara. Duk turin gefe a hawan ƙasa yake taruwa, kuma irin waɗannan benaye na cikin waɗanda suka fi rushewa a girgizar Turkiyya ta 6 ga Fabrairu 2023, wadda ta ci rai fiye da 50,000. Maganinsa bangon kankare ko gicciyen ƙarfe a wasu ɓangarorin hawan ƙasa, ta fuska biyu, a daidaita su kada ginin ya murɗe. Haka nan mai gidan da ya yi tushen hawa biyu, bayan shekaru ya sami kuɗi ya ɗora na uku da tankin ruwa a bisa, ya ƙara nauyi ne a inda ya fi cutarwa.

Na biyu shi ne ƙasar da aka ɗora ginin. Jalingo tana da tudu mai dutse, tana kuma da fadama da rairayi a bakin Lamurde da Mayo Gwoi. Ƙasa mai taushi tana ƙara wa girgiza ƙarfi, kamar yadda aka gani a birnin Meziko a 1985, inda ɓarnar ta taru a unguwannin da aka gina kan busasshen tafki. Ruwa kuma yana zaizaye ƙarƙashin tushe, abin da mutanen Jalingo ba su manta ba tun ambaliyar Agustan 2005 da ta karya gadar Nukkai da mutane a kanta. Gwajin ƙasa kafin a haƙa tushe kuɗinsa kaɗan ne in aka gwada da kuɗin bene.

WA KE BUKATARSA?

Ba kowane gini ne ke bukatar manyan ƙarafa ba. Tsadarsu ta yi yawa, domin masana'antar ƙarfe ta Ajakuta da aka soma ginawa tun 1979 ba ta kai ga wadata ƙasa ba, galibinsu daga waje ake sayowa, sa'an nan a yi dakonsu daga tashar jirgin ruwa zuwa Taraba. Inda haɗaɗɗen gini ya cancanci kuɗinsa shi ne dogayen benaye, da manyan zauruka da kasuwanni da rumfunan filin wasa masu faɗin da ba a son ginshiƙi a tsakiya, da kuma asibitoci da makarantu, waɗanda tilas ne su tsaya ranar da sauran suka faɗi. Bene mai hawa biyu ko uku kankare mai rodi ya ishe shi, muddin an yi shi da gaskiya: rodi mai cikakken kauri, zobban da ke ɗaure rodin ginshiƙi a matso da su kusa da juna wajen mahaɗa a kuma lanƙwasa bakinsu ciki, yashi marar laka, siminti yadda aka ƙayyade, da ban ruwa na aƙalla kwana 7.

Mai ƙaramin gida shi ma darasin ya shafe shi. A zagaye kan bango duka da ɗamarar kankare mai rodi. A bar rodi ko ƙarfen ɗauri ya fito daga cikinta a naɗe katakon rufi da shi, kada a dogara ga ƙusa ko duwatsun da ake jerawa bisa kwano. A matso da ƙusoshi a gefuna da kusurwoyi, domin daga nan iska ke soma ɓamɓara. Rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jure iska, kuma kada bakinsa ya zarce bango da yawa. In hadari ya taso a rufe ƙofofi da tagogin gabas.

Sauran aiki na hukuma ne. Nijeriya tana da majalisar rajistar injiniyoyi, COREN, tun 1970, tana kuma da kundin ƙa'idodin gini na ƙasa tun 2006, amma takarda ba ta riƙe ginshiƙi. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rushe a Ikko ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe mutum fiye da 40, ba iska ce ta ture shi ba, ba kuma girgiza ba. Nauyin kansa ne ya gagare shi. Ginin da bai iya ɗaukar kansa ba, ina zai iya da hadarin Mayu? Ya kamata ofishin da ke ba da izinin gini a Jalingo ya riƙa neman lissafin turin gefe tare da zanen kowane bene, da sa hannun injiniya mai rajista, ya kuma aika mai duba aiki ya ga rodi da walda da idonsa kafin a zuba kankare. Da zarar an zuba, abin da ke ciki ya ɓuya, sai ranar da iska ta zo tambaya.

Ɗan kuɗin da ake ragewa a wajen zobba da ɗauri da ladan injiniya shi ne mafi ƙanƙanta a cikin kuɗin gini, kuma shi ne ake biya da rai. Damina mai zuwa ba ta da nisa. Mai gini ya duba ginshiƙinsa, mai gida ya hau ya duba ɗaurin rufinsa tun gabas ba ta yi baƙi ba. Allah ya kiyaye.